Kwana Biyar a Makarantar Tuƙin Jirgin Ruwa: Ra'ayin Matuƙin Kogi da Ya Fuskanci Teku

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa jirgina mai inji ɗaya a kogi, kuma a tsawon waɗannan shekaru ban taɓa shiga matsalar da ta fi ƙarfin igiya da sandar turawa ba. Da na fara sha'awar fita teku, in riƙa bin gaɓa daga wannan tasha zuwa waccan, sai na ga bai dace in ɗauki iyalina in kai su ruwan da ni kaina ban sani ba. Saboda haka na yi rajista a wata makaranta da ke ba da horo na kwana biyar ga matuƙan jiragen ruwa masu inji, horon da ake yi a cikin jirgi, a wuni a cikinsa, a kwana a cikinsa. Na fito da gamsuwa mai yawa da kuma wasu ƙorafe-ƙorafe, kuma tun da na san akwai matuƙan kogi da dama da ke shirin yanke irin shawarar da na yanke, na ga ya kamata in faɗi duka biyun dalla-dalla.

Mu huɗu ne ɗalibai, sai malami ɗaya. Jirgin makarantar tsawonsa mita 11 ne, yana da injin dizal guda biyu, kuma an kula da shi yadda ya kamata: ɗakin inji a bushe, igiyoyi ba su tsufa ba, kayan ceto kuma kowanne yana inda aka rubuta cewa yana nan. Kafin a tayar da inji a safiyar farko, malamin ya ɗauki kusan awa biyu yana zagayawa da mu. Ya sa kowa ya sanya rigar ceto ya ɗaure ɗamarar da ke bi ta tsakanin cinyoyi, ya bayyana cewa idan babu ita rigar kan haura ta kan mutum da zarar ta kumbura a ruwa. Ya sa kowannenmu ya durƙusa ya laluba da hannunsa, ya rufe kowane famfon da ke shigo da ruwa ta ƙasan jirgi, sannan ya sake buɗe shi. Na san inda irin waɗannan famfunan suke a jirgina, amma rabona da in taɓa su ya fi shekara biyu, kuma famfon da aka daɗe ba a murɗa ba yakan ƙi motsi daidai ranar da ake buƙatarsa.

Babban abin da wannan makaranta ta yi mini shi ne sauya yadda nake kallon gaɓa. A kogi, gaɓa ita ce mafaka: idan inji ya mutu, ruwa zai ɗauke ka a hankali ya jingina ka da ciyawa, ka jefa igiya ka ɗaure, ka nemi bakanike. A teku kuwa, gaɓar da iska ke tura ka zuwa gare ta ita ce wurin da jirgi ke farfashewa, kuma tashar da za ka fake tana iya kasancewa tafiyar awa uku daga inda kake. Shi ya sa duk aikin ya koma kafin tashi. Kowane dare malamin yakan zaunar da mu da taswirar takarda da fensir da jadawalin ruwa, mu tsara tafiyar gobe tun daga ƙarfe nawa za a kwance igiya har zuwa tashar da za a juya a nufa idan yanayi ya ɓaci. Ya gaya mana cewa wannan ba ra'ayinsa ba ne kawai, domin babi na biyar na yarjejeniyar SOLAS ta kare rayuka a teku ya wajabta tsara tafiya tun kafin a fara ta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a teku wannan magana ba ado ba ce.

Darasin cikowa da janyewar ruwan teku shi ne ya fi kowanne inganci, kuma shi kaɗai ya isa ya sa in ce lokacina bai tafi a banza ba. A mafi yawan gaɓoɓi ruwa yana cikowa sau biyu a cikin kusan awa 24 da minti 50, wato tsakanin cikowa da cikowa akwai kimanin awa 12 da minti 25, saboda haka lokacin yana ja baya kowace rana. Ƙarfinsa kuma yana bin wata: kwana ɗaya ko biyu bayan sabon wata, da kuma bayan wata ya cika, ruwa ya fi hawa kuma ya fi sauka, gudunsa ma ya fi ƙarfi, sannan a tsakanin waɗannan lokuta ya yi sauƙi. Bambancin wuri da wuri yana da girma ƙwarai, domin a mashigin Fundi na Kanada tazarar hawa da sauka takan kai kusan mita 16, alhali a yawancin Bahar Rum da ƙyar mutum zai lura da ita. Lambobin zurfin da ke kan taswira an auna su ne daga wani mataki na ƙasa wanda ruwa ba ya cika sauka ƙasa da shi, don haka sai ka haɗa lambar taswira da hawan ruwa na wannan sa'ar kafin ka san ainihin zurfin da ke ƙarƙashinka.

Malamin bai bar wannan a matsayin karatu ba. A rana ta biyu ya kashe na'urar taswira mai aiki da tauraron ɗan'adam, ya nuna mini wani tudun yashi da ya tare bakin wani ƙaramin kogi, inda taswira ta rubuta mita 0.6, ya ce in faɗa masa lokacin da za mu iya tsallakawa. Jirgin yana nutsewa mita 1.1 a ruwa, shi kuma yana son a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin ƙasan jirgi da yashi. Jadawali ya nuna ruwa zai sauka zuwa mita 0.7 sannan ya hau zuwa 5.5, tazarar mita 4.8 ke nan. Ya koya mana a raba tazarar gida goma sha biyu: awa ta farko ruwa ya hau kashi ɗaya, ta biyu kashi biyu, ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, ta biyar biyu, ta shida ɗaya. Na yi lissafi na ga muna buƙatar zurfin mita 2.1, kuma awa ɗaya bayan ruwa ya gama sauka hawan zai kai 1.1, bai isa ba, bayan awa biyu kuma 1.9, wanda idan aka haɗa da 0.6 ya ba da mita biyu da rabi. Muka jira. Da lokaci ya yi na kama sitiyari na shiga a hankali, idona ɗaya a kan alamun hanya, ɗaya a kan na'urar auna zurfi, lambobi suna raguwa daga biyar zuwa huɗu zuwa uku, har suka tsaya a 2.6 na ɗan lokaci kafin su fara hawa. Tun daga wannan ranar na amince da fensir. Malamin bai manta da gargaɗi ba cewa wannan ƙa'ida kimantawa ce kawai, akwai wuraren da ruwansu ba ya binta, kuma iska mai ƙarfi ko sauyin nauyin iska na iya ƙara hawan ko rage shi.

Ga mai jirgin kogi, gudun ruwa ya fi hawansa muhimmanci, kuma na ji daɗin yadda aka yi mini bayaninsa da lambobin jirgina. Jirgin da ke tura ruwa da ƙirjinsa, wanda ba ya ɗagowa ya zame a samansa, tsawonsa ne ke iyakance gudunsa, kuma mai tsawon kusan mita 9 a layin ruwa ba ya wuce mil na teku bakwai a awa sai da ƙona mai na banza. Mil na teku mita 1,852 ne, kusan daidai da minti ɗaya na latitud, wato kashi ɗaya cikin sittin na digiri, shi ya sa ake auna nisa a gefen taswira. To, idan ruwa yana gudun mil uku a awa, tafiyar mil 20 za ta ɗauke ni awa biyu idan na bi shi, awa biyar idan na yi gaba da shi. Mai jirgi mai gudun mil 20 a awa yana iya yin sakaci da wannan lissafi ya sha da kyar, mai jirgi irin nawa ba shi da wannan damar.

A rana ta uku muka ga abin da ke faruwa idan iska da ruwa suka saɓa. Da safe mun zagaya wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, iska da ruwa suna tafiya wuri ɗaya, raƙuman ruwa dogaye masu laushi. Da yamma muka dawo ta wurin nan, iskar ba ta ƙaru ba, amma ruwa ya juya yana gaba da ita, sai raƙuman suka gajarce suka miƙe tsaye, goshin jirgi yana hawa yana faɗowa da ƙara. Kofuna suka zubo daga kanta, ƙofar wata durowa ta ɓalle, biyu daga cikinmu kuma tashin zuciya ya kama su. Malamin ya tsaya a bayana ya ce in rage wuta, in daina fuskantar raƙuman kai tsaye, in ɗan karkata goshin jirgi yadda za mu hau su a gicce kaɗan, in kuma sassauta wuta a daidai lokacin da muka kai ƙololuwa. Cikin minti goma bugun ya ragu sosai. Daga baya ya shaida mana cewa da gangan ya zaɓi wannan sa'ar, bayan ya tabbatar iskar ba za ta wuce abin da jirgin ke ɗauka ba, kuma ina ganin ya yi daidai. Gara mutum ya fara ɗanɗana wannan yanayi da gwani a bayansa. Ina tsaye a wurin ina tuna kujerun jirgina da ba a ɗaure suke ba, da manyan tagoginsa da aka yi don kallon gaɓar kogi.

Wannan ya kai mu ga karanta hasashen yanayi da ma'aunin Bofot na ƙarfin iska, wanda hafsan sojan ruwan Birtaniya Francis Beaufort ya tsara a 1805, mai matakai daga sifiri zuwa 12. Mataki na 4 iska ce mai gudun mil na teku 11 zuwa 16 a awa, na 5 daga 17 zuwa 21, na 6 daga 22 zuwa 27. Malamin ya nuna mana ɗan farantin da ke liƙe kusa da sitiyari, wanda jiragen shaƙatawa da aka sayar a Tarayyar Turai tun daga 1998 ke ɗauke da shi, mai nuna rukunin da aka ƙera jirgi dominsa. Rukunin D na ruwa mai kariya ne, iska har mataki na 4 da raƙuman da ba su wuce kusan santimita 30 ba, rukunin C na kusa da gaɓa ne, har mataki na 6 da raƙuman mita biyu, rukunin B kuma har mataki na 8 da mita huɗu. Ya jaddada cewa farantin yana faɗin abin da jirgi zai iya jurewa ne, bai faɗi abin da mutanen ciki za su iya jurewa ba, kuma sabon shiga teku ya kamata ya tsaya nesa da iyakar.

Darasin inji gajere ne amma ya taɓa inda ya dace. Tankin jirgin da ya shekara goma a ruwan kogi mai kwanciya yakan tara laka da ruwa a gindinsa, kuma ba za ka sani ba sai ranar da teku ta girgiza shi, dattin ya taso ya toshe filtar mai, inji ya mutu a mafi munin lokaci. Malamin ya sa kowannenmu ya sauka ɗakin inji jirgi yana rawa, ya cire filta ya sa sabuwa, ya fitar da iskar da ta shiga bututun mai, sannan ya canza robar famfon da ke jawo ruwan sanyaya inji. Aikin da ke ɗaukar minti goma a bakin tasha ya ɗauke ni rabin awa. Ya kuma yi bayanin guntayen ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙasan jirgi don ruwa ya cinye su a madadin farfela: magnisiyam na ruwan daɗi ne kuma yana saurin narkewa a ruwan gishiri, zinki na teku ne, alminiyam kuma yana aiki a teku da inda ruwan biyu suka gauraya. Game da mai, ƙa'idarsa ita ce kashi ɗaya cikin uku na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya.

Dokokin kauce wa karo a teku, waɗanda Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya ta amince da su a 1972 suka fara aiki a 1977, an koyar da su ne a aikace. Idan jirage biyu masu inji suka fuskanci juna, kowanne ya karkata dama, idan kuma hanyoyinsu za su gitta, wanda ke ganin ɗan'uwansa a damarsa shi ne zai ba da hanya. Abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba shi ne saurin manyan jirage. Wanda ke gudun mil 20 a awa yana cin mil ɗaya cikin minti uku, don haka jirgin dakon kaya da ka hango a nisan mil biyar zai iso inda kake cikin kwata na awa. An miƙa mini kamfas na hannu aka ce in riƙa auna kusurwar wani jirgin dako duk bayan minti biyu, domin idan kusurwar ba ta sauya ba kuma yana ƙara girma, karo ne ke tafe. An kuma nuna mana cewa launin alamun hanya ba ɗaya ba ne a duniya: a Turai da Afirka da mafi yawan Asiya ja yana hagunka idan kana shiga tasha daga teku, a nahiyar Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Filifin kuwa yana damarka. Sakin anga mun yi shi sau uku kawai, da ƙa'idar sarƙa ninki huɗu na zurfin da ruwa zai kai idan ya cika, ba zurfin lokacin da aka saki ba.

Sai abubuwan da ba su gamsar da ni ba. Mafi girmansu shi ne jirgin da aka koyar da mu a ciki bai yi kama da nawa ba. Da inji biyu, juyawa a cikin tasha mai cunkoso abu ne mai sauƙi, ka sa ɗaya gaba ɗaya baya jirgi ya juya a inda yake, kuma idan ɗaya ya mutu ɗayan zai kai ka gida. Uku daga cikinmu huɗu masu inji ɗaya ne, kuma makarantar ta san haka, domin takardar rajista ta tambaya. Duk da haka sai a rana ta ƙarshe malamin ya kashe inji ɗaya ya ba kowa minti goma sha biyar, abin da ya kamata a ce an yi kowace rana. Makarantar da ke tallata kanta ga masu fitowa daga kogi ya dace ta san cewa yawancinsu jirage masu inji ɗaya da tafiyar hawainiya suke da su, ta tsara horonta a kan haka.

Tafiyar dare ma an takaita ta. An yi mana alkawarin awa huɗu, muka samu ƙasa da biyu, saboda ɗalibai biyu sun zo ba tare da sun yi karatun taswira na share fage ba, aka cinye yammaci guda ana koya musu abin da ya kamata su zo da shi. Laifin ba na malamin ba ne, na ofishin da ya karɓe su ba tare da tantancewa ba ne. Gane fitilar alamar hanya ta hanyar ƙirga walƙiyarta, a tsakiyar fitilun gari da ke bayanta, fasaha ce da ke buƙatar maimaitawa, kuma awa biyu a raba wa mutum huɗu ba ta isa ba.

Batun rediyon oba-oba na teku shi ma ya zo mini da mamaki. An nuna mana tasha ta 16, wadda ake sauraro don kiran gaggawa, da jan maɓallin da ke aika lambar jirgi mai lambobi tara tare da wurin da yake idan an haɗa rediyon da na'urar gano wuri, an kuma sa mun gwada kiran Mayday, wato kiran neman agajin gaggawa, da rediyo a kashe. Amma takardar shaidar amfani da rediyon, wadda ƙasashe da yawa ke buƙata, ba ta cikin horon, kuma ba a faɗi haka a fili ba sai da muka tambaya a rana ta huɗu. Duk wanda zai yi rajista a irin wannan makaranta ya tambayi wannan tun farko, ya tambayi yawan ɗalibai a jirgi, ya kuma tambayi irin injin da za a koyar da shi a kai.

Abin da ya gyara mini ƙorafin farko shi ne wata hidima da makarantar ke yi amma ba ta cika tallatawa ba, wato tura malami ya wuni da mutum a jirginsa na kansa. Na nemi malamin nan, ya zo bayan mako uku. Da ya kwance kwanon da ke ƙarƙashin filtar maina, sai ga baƙar laka mai kauri da ruwa kwance a gindinsa, ya ɗaga shi a hasken rana ya ce, "Malam, wannan tankin ba zai ga teku ba sai an wanke shi." Farantina ya nuna rukunin C, abin da ya kwantar mini da hankali, amma ya lissafa mini gyare-gyaren da suka rage: a canza guntayen magnisiyam, a ƙara tsawon sarƙar anga, a sa famfon kwashe ruwa na hannu bayan na lantarki, a ɗaure batura da kujeru, a sa makullai a durowoyi. Sauran wunin muka yi shi muna shiga da fita a matsattsen wurin ɗaure jirgi da injina ɗaya, ruwa yana tura mu a gicce, har hannuna ya saba da yadda farfela ke jan bayan jirgi gefe idan an sa giyar baya. Ga matuƙin kogi, shawarata ita ce ya haɗa horon kwana biyar ɗin da wannan wuni guda, kada ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya.

An wanke tankin, an yi sauran gyare-gyaren, kuma tafiyata ta farko tana rubuce a takarda: mil 14 a bin gaɓa, a makon da ruwa ya fi sauƙi, tashi awa ɗaya bayan ruwa ya juya ya nufi inda na nufa. Idan hasashen safiyar ya wuce mataki na 3 ba zan kwance igiya ba, idan kuma iska ta ƙaru bayan na fita, akwai tasha a mil na shida da ake iya shiga ko ruwa ya cika ko ya janye.